Arhar hayar Mararaba tana ƙarewa ne a kan hanya

Ana cewa ma'aikatan Abuja na tarewa a Mararaba da Masaka, garuruwan jihar Nasarawa da ke kusa da Abuja, saboda arhar haya. Gaskiya ne, amma lissafin bai cika ba. Mai neman gida ya ɗauki kuɗin motar zuwa da dawowa na rana guda, har da na acaɓan da zai fito da shi daga lungu zuwa bakin titi, ya ninka sau 22, kwanakin aiki a wata, wato kwana 264 a shekara, ya ɗora kan haya da la'adar dillali. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wannan jimillar kan cinye rangwamen da ya kai mutum can, balle mai albashin naira 70,000.

Tazarar ba wata mai yawa ba ce. Matsalar ita ce ƙofa ɗaya. Duk motocin Masaka, Ado, Mararaba da Nyanya kan titin Keffi suke haɗuwa, su bi ta Kugbo zuwa shataletalen AYA da ke mashigar birnin Abuja. Tirela ɗaya ta lalace a gangaren Kugbo, shi ke nan an wuni. Shi ya sa ake fita da asuba.

Jirgin ƙasan cikin gari kuwa, da ya dawo aiki a 2024, Idu da Kubwa da filin jirgin sama ya nufa, bai leƙa wannan ɓangaren ba. Ga gidaje birjik a Maitama da Asokoro a kulle, ba wanda aka gina don masinja ko direba.