Ba sanyi ke lalata gam ɗin akwatin kifi ba

A ƙasashen da ƙanƙara ke sauka, irin su Kanada da arewacin Amurka, masu kiwon kifin ado kan ji tsoron ajiye akwatin gilashi a gareji lokacin hunturu, wai sanyi zai tsattsage gam ɗin da ya haɗa gilasan.

Ba haka abin yake ba. Gam ɗin silikon ne, yana nan da laushinsa ko sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili. Da shi ma ake liƙe tagogin gidaje a can.

Ruwa ne mai ɓarnar. Idan ya daskare, girmansa kan ƙaru da kusan kashi 9 cikin ɗari. Ɗan ragowar da ya maƙale a kusurwa, ko ya shiga ƙarƙashin gam ɗin da ya fara ɗagowa, shi zai ture gam ɗin idan ya daskare, wani lokaci har gilashin ya fashe. Don haka a tsane akwatin sarai kafin a ajiye.

Sai kuma gaggawa. Idan aka ɗauko akwatin da sanyinsa aka zuba masa ruwan ɗumi, yana iya tsagewa. A bar shi ya kwana a ɗaki tukuna, sannan a cika shi a ga ko yana yoyo.