Can zafi ke hana barci, nan agogo

Wanda ya tashi a Maradi ya san barcin bazara sai da shiri. A Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, kwanon rufi ya wuni yana shan rana, bangon siminti kuma sai dare ya yi yake amayar da zafin da ya haɗiya. Shi ya sa a unguwannin Maradi irin su Bagalam ko Mokoyo, da magariba ake yayyafa ruwa a tsakar gida, a jira ƙasa ta shanye, sannan a shimfiɗa tabarma a ɗaura gidan sauro, a cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa ta kowane gefe. Ƴar kafa guda ta ishi sauro. Hikimar yayyafin ita ce jiki ba ya samun barci mai nauyi sai zafinsa ya ɗan sauka.

Nan Faransa likitoci na son ɗakin kwana ya tsaya wajen digiri 18, kuma yawancin shekara samun haka ba wuya. Duk da haka, a ganina mutanen gida sun fi mu tsarin barci nesa ba kusa ba.

A Maradi wuni bai cika gaza awa 11 ko ya wuce 13 ba, rani da damina, don haka jiki ya san lokacinsa. A Paris kuwa, ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe 10 na dare, isha'i ta doshi sha biyu, asuba ta shigo wajen ƙarfe 4. Babban mutum na buƙatar awa 7 zuwa 9, ina zai same su? Ga canjin agogo sau biyu a shekara, a Maris da Oktoba, abin da Nijar ba ta yi. Ƙailular bayan azahar da ke cike giɓin a gida, nan aiki ya cinye ta.

Wannan yankakken barci shi ke kawo yawan mafarkin da ƴan uwa ke kuka da shi. Barci zagaye yake yi, kowane zagaye kamar minti 90, kuma zangon mafarki ya fi tsawo can gab da wayewar gari. Wanda ya koma shimfiɗa bayan asuba cikin wannan zangon yake faɗawa, agogo ya tashe shi a tsakiya, ya tashi da mafarkin ɗanye a kansa. Haka dannau: hankali ya farka, gaɓɓai na nan a ɗaure kamar yadda suke lokacin mafarki, sai mutum ya ji an danne masa ƙirji, ya kasa ko ihu. Ya fi kama mai ƙarancin barci da mai kwanciya rigingine. Yi addu'arka, ka kwanta ta gefe, amma ka ƙirga awoyinka.

Ɗan uwa da ke nan, sayi labule mai kauri wanda haske ba ya ratsawa. Ranar hutu ka yi ƙailula ta minti 20 zuwa 30. In ta zarce, da nauyin kai za ka tashi, daren ma ya lalace. Shayin fada kuma, musamman na farko mai ɗaci, a sha shi kafin la'asar, domin bayan awa 5 kusan rabin sinadarin da ke hana barci na nan cikin jini.