Ta haifa wa Nijeriya 'ya'ya, amma a takarda har yau baƙuwa ce

Duk wanda ya zauna ya tsara hanyar da matar ɗan Nijeriya za ta bi kafin ta zama 'yar ƙasa, na tabbata bai taɓa taka Illela, garinmu na kan iyaka da Nijar, ba. Da ya taɓa zuwa, da ya ga yadda ake ɗaura aure da hantsi a Kwanni ta Nijar, a kawo amarya wannan ɓangaren kafin magariba, ba wanda ya ji a jikinsa wai ya ƙetare ƙasa. A Gada, Tangaza, Gudu da Sabon Birni, da wuya ka shiga gida ka rasa mai kaka ko gwaggo a ƙetaren iyaka. Gobirawan Tsibiri da na Sabon Birni tsatso ɗaya ne. Shi kansa Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta aka haife shi a 1754, garin da yau yake cikin Jamhuriyar Nijar. Turawan Ingila da na Faransa suka ja layinsu suka tafi, suka bar mu da neman tambari.

Maiɗakina 'yar Kwanni ce. Aurenmu ya daɗe, 'ya'yanmu duk a nan Sakkwato aka yanke cibiyarsu, kuma sashe na 25 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba su zama 'yan Nijeriya tun ranar haihuwa. Uwar da ta yi naƙudarsu kuwa baƙuwa ce. Ba ta da ikon jefa ƙuri'a, ba ta da fasfon ƙasar nan. Ban ji zafin abin sosai ba sai da muka yi niyyar sauke farali tare, aka ce kujerar jiha da fasfon Nijeriya ake hawanta. Wato ni in tashi daga filin jirgin Sakkwato, ita kuma ta koma ƙasarsu ta nemi kujera, mu haɗu a Makka in Allah Ya sa. Matar da nake kwana ɗaki ɗaya da ita!

Nan ne na ce bari mu bi hanyar da doka ta shata. In ka karanta dokar sai ka ce abin wasa ne. Sashe na 26 ya ce macen da ta auri ɗan Nijeriya tana iya zama 'yar ƙasa ta hanyar rajista, muddin Shugaban Ƙasa ya gamsu cewa mutuniyar kirki ce, ta nuna niyyar zama a ƙasar, ta kuma yi rantsuwar biyayya. Sharaɗi 3 kacal. Matar da ta shafe ƙuruciyarta tana hura wuta a gidana, wace niyyar zama kuma ta rage mata ta nuna?

To ka je ka gani.

Abu na farko, takardar aure. Mu aurenmu a ƙofar gidan surukina aka ɗaura shi, da waliyyi da shaidu da sadaki, aka raba goro da dabino aka shafa fatiha. Na je kotu na samo takardar shaida na kai wani ofishi. Na farkon da ya duba ya ce ta yi. Da na dawo, wani ne a kan teburin. Ya ɗaga ta, ya juya bayanta kamar mai duba jabun kuɗi, ya ture mini.

"Alhaji, wagga ba ita muka biɗa ba. Sai ka zo da ta rajista."

"Ranka ya daɗe, abokin aikinka ya ce ta wadatar."

"To ka jira shi ya dawo."

"Yaushe zai dawo?"

"An yi mashi canjin wurin aiki."

Ko a jikinsa. Ya mayar da kai kan wayarsa, ni kuma ina tsaye da fayil a hammata, zufa tana bin bayana. Babu allo a bango da ya jera abin da ake buƙata, babu takarda guda da za a miƙa maka a ce ka cika waɗannan ka huta. Kullum sai ka kawo abin da aka ce, sannan a tuna da wani sabo.

Sai takardar haihuwa. A gida aka haife ta, kamar yawancin matan zamaninta, don haka sai da ta koma can kotu ta ba ta takardar da ke tsayawa a madadi. Takardar da Faransanci take, dole a nemi mai fassarar da aka amince da shi, shi ma da kuɗinsa. Aka fassara, sai ga wata sabuwa: sunan mahaifinta a fasfonta an rubuta Ousmane, a takardar aurenmu Usman. Aka ce mutum biyu ne. Na rantse, na yi bayani, na ce ko ɗan firamare a Illela ya san haka mutanen Nijar ke rubutawa. A banza. Sai da muka koma kotu ta yi rantsuwa cewa ubanta ubanta ne. Kafin a gama wannan kai-komo, katin izinin zamanta ya ƙare, aka ce ba za a karɓi komai ba sai an sabunta shi. Muka sabunta. Sai hotuna suka tsufa.

An ce yanzu komai ta intanet ake yi don a sauƙaƙa wa jama'a. Sauƙin shi ne ka zauna a shagon kwamfuta cikin zafin bazarar Sakkwato, janareto yana ta hayaƙi, yaron shagon yana loda takardu ɗaya bayan ɗaya, a zo ta ƙarshe shafin ya ɗauke. Ka biya kuɗi, banki ya cire, rasit ya ƙi fitowa. Bayan duk wannan, takarda tana ƙarewa ne a Abuja, domin ikon ba da zama ɗan ƙasa na gwamnatin tarayya ne. Wanda ya san hanyar Sakkwato zuwa Gusau zuwa Funtuwa a shekarun nan ya san ba tafiyar da mutum ke ɗaukar iyalinsa a kai ba ce don kawai a ce masa "ana kan aiki". Amsar ke nan da nake samu har yau. Fayil yana sama. Wace saman, ba mai faɗa maka. Ba lokacin da aka ɗiba, ba wanda za ka riƙe.

A bakin ƙofa kuwa ba a rasa masu raɗa. "Alhaji, in kana son ta fito da wuri, akwai wanda na sani." Shi wannan bai taɓa cewa takardarka ba ta cika ba.

Kamar wannan bai isa ba, duk rigimar da manya suka yi a kanmu take saukowa. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Illela ba sai Disambar 2020. A Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Nijar, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake garƙame iyaka. A lokacin surukata tana kwance ba lafiya, 'yarta ta je duba ta a bayan babur ta hanyar daji, kamar mai fasa-ƙwaurin shinkafa. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS baki ɗaya. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da mutunta takardun 'yan ƙasashen da zirga-zirgarsu har zuwa wani lokaci, amma je ka karanta wa mai kaki wannan sanarwa a shingen hanya. Yana ganin katin Nijar sai ya ce "Hajiya sauko", motar haya ta tsaya, fasinjoji su yi ta tsaki, har sai an sallame shi da na goro.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne dariyar da abokaina ke yi mini. Wani aminina ya ce, "Kai dai ka cika son wahala, Malam. Ka kai ta ƙauyenku a rubuta can anka haife ta, a ba ta takardar asali, ta yi katin ɗan ƙasa, magana ta ƙare." Kuma kowa ya san haka ake yi. Wanda ya shirga ƙarya ya gama cikin mako, matarsa ta yi fasfo ta je Hajji ta dawo da haƙorin Makka. Wanda ya ce shi gaskiya zai faɗa, shi ne ake wa kallon mai laifi, shi ake tatsa. Masu cewa ana tsaurarawa ne saboda tsaro, ku gaya mini: ɗan bindigar da ke ratsa dajin Gudu da Tangaza, fom ya cika? Wadda ta kawo kanta da ƙafarta, ta ba da hotonta da zanen yatsunta da adireshin gidan mijinta, ita ce barazanar?

Duk da haka ni mai sa'a ne, tunda ni namiji ne. Ƙanwata tana auren wani Ba'adare daga Tawa ta Nijar, ɗan kasuwar dabbobi, mutumin da ko limamin unguwarsu zai ba da shaidarsa. Shi wannan ƙofar ma a rufe take gare shi, domin sashe na 26 matar ɗan Nijeriya ya ambata, bai ambaci mijin 'yar Nijeriya ba. Akwai izinin zama na musamman da ake ba irinsu, amma izinin zama ba zama ɗan ƙasa ba ne. In yana son wannan, sai ya bi sashe na 27 kamar kowane baƙo: zaman shekara 15, sannan gwamnan jiha ya gamsu cewa jama'ar wurin sun karɓe shi, ya kuma saje da yanayin rayuwarsu. Ba'adare ne za a gwada ko ya saje da Sakkwatawa! Mutumin da Hausarsa ta fi ta wasunmu tsatsa, wanda fura ɗaya muke sha, alƙibla ɗaya muke kallo.

An kai ƙudurin gyara wannan wariya gaban Majalisar Tarayya. Ranar 1 ga Maris 2022 'yan majalisa suka yi watsi da shi tare da sauran ƙudurorin da suka shafi mata. Mata suka yi zaman dirshan a ƙofar majalisa, Majalisar Wakilai ta ce ta janye matakinta za ta sake dubawa, daga nan magana ta bi ruwa. Da yawa a nan sun ɗauka rigimar matan boko ce masu auren Turawa. Ina! 'Ya'yanmu ne na Illela da Gada da Sabon Birni abin ya fi shafa, su da ke aure tsakanin garuruwan da ake jin kiran sallar juna.

Jihar Sakkwato tana da sanata 3 da 'yan Majalisar Wakilai 11, wasunsu ma mazaɓunsu a kan iyaka suke, ƙuri'ar 'ya'yan waɗannan mata ce ta kai su. Su fito su faɗa mana matsayinsu kan sashe na 26. A buga jerin takardun da ake so da Hausa a manna a bango, a faɗi ƙarara ko takardar auren Musulunci ta isa, a riƙa yin tantancewa da rantsuwa a nan Sakkwato, a kuma sa wa'adin da dole a ba mutum amsa, ko i ko a'a.