Idan annoba ta dawo, wa ya kamata ya ja baya: mai ciwon gaɓɓai ko mai tari?

A watan Maris na 2020, da annobar korona ta ɓarke, hukumar lafiya ta Ingila ta aika wa wasu marasa lafiya takarda cewa su zauna a gida sati 12, a riƙa ajiye musu abinci da magani a bakin ƙofa. A cikinsu har da wasu masu amosanin gaɓɓai da ke shan magungunan da ke danne garkuwar jiki. Maganar ta biyo waya ta iso ƙauyukanmu na ƙasar Ringim da Taura, kuma har yau akwai 'yan bokon da ke ganin idan wata annoba ta sake ɓullowa, abin yi shi ne a sa Inna a ɗaki a ja mata ƙyaure. Ni ban yarda ba. Ba don cutar wasa ba ce, mutanen Kano sun ga abin da ta yi. Ina ganin dai an ɗora nauyin a kan wanda bai kamata ba.

Mu nan duk abin da ya kama gwiwa ko baya sunansa sanyin ƙashi. Amma tsohon da gwiwarsa ta gaji da shekaru da noma, yana shan daikilofenak ko ibufurofen idan ta motsa, garkuwar jikinsa lafiyarta ƙalau. Cikinsa da ƙodarsa ne abin ji a wajen waɗannan ƙwayoyi. Ciwon da ake magana a kai daban ne: wanda garkuwar jikin mutum ce da kanta ta juya tana cin gaɓɓansa. Ya fi kama mata, yana farawa daga yatsu da wuyan hannu, dama da hagu tare, a tashi da asuba hannu a sandare, a fi awa guda ba a iya riƙe buta ba. Mai irin wannan ciwo ne likita ke ba wa metotireksat sau ɗaya a sati, ko firednisolon, ko haidiroksikulorokwin da 'yan uwansu, don a lafar da garkuwar ta daina ɓarna.

Su ma magungunan ba ɗaya ba ne. Likitocin gaɓɓai na ƙasashe da yawa sun haɗa bayanan marasa lafiyarsu a lokacin korona, kuma abin da ya fito ya ba mutane mamaki. Masu shan firednisolon miligiram 10 ko fiye a kullum sun fi kwanciya asibiti. Masu karɓar ƙarin ruwan rituksimab sun fi shan wuya, sai dai wannan magani ne mai tsada da da wuya ka same shi a hannun ɗan ƙauye. Metotireksat shi kaɗai, wanda aka fi tsoro, bai zama dodon da aka zata ba. Sannan wanda ciwonsa ke a tashe, gaɓɓai a kumbure, ya fi wanda magani ya kwantar wa da ciwo shiga haɗari. Wato matar da ta ji ana cewa maganinta na rage garkuwa ta watsar da shi don tsoro, ta ƙara wa kanta matsala ne, domin idan ciwon ya tashi firednisolon mai yawa za a koma a ba ta.

To ga inda ni abin ya fi damuna. Mafi yawan waɗanda garkuwarsu ke a danne a ƙauyukanmu ba su taɓa ganin likitan gaɓɓai ba, ba su ma san a danne take ba. Mutum zai je kemis ya ce gaɓɓaina ke ciwo, a ƙulla masa haɗi a 'yar leda, fara da ja da ruwan ɗorawa, babu kwali babu suna. Sau da yawa a ciki akwai firednisolon ko 'yar uwarsa deksa (deksametazon), mai danne garkuwa ita ma, don su ne ke sa mutum ya wayi gari garau ya ce wannan mai kemis ya fi likita. Wata shida, shekara guda, yana sha. Fuska ta cika ta yi zagaye, ana cewa Baba ya yi ƙiba, ya samu lafiya, alhali sikari na hawa, jini na hawa, ƙashi na yin laushi, ƙaramin ƙurji ya ƙi warkewa. Ga kuma 'yan matan da ke shan sha-ka-fashe don su yi jiki, wanda shi ma sau tari deksa ce. Wace takarda za a aika wa waɗannan? Da aka sanar a watan Yunin 2020 cewa deksa na ceton ran masu korona, maganar waɗanda cutar ta kai su ga neman iskar oksijin ake yi. Ba rigakafi ba ce. Kuma kada wani ya karanta wannan ya je ya ƙwace ledar Baba ya zubar. Wanda ya daɗe yana shan irin wannan ƙwaya, jikinsa ya rage yin tasa ta ciki, idan ya yanke rana ɗaya zai iya yin amai, jini ya faɗi, ya suma, har a rasa shi. Sai ma'aikacin lafiya ya rage masa a hankali.

Yanzu a zo kan killacewar kanta. Wanda ya rubuta shawarar Ingila yana hango tsohuwa mai gidanta ita kaɗai, famfo a ciki, banɗaki a ciki, firji cike. A gidanmu fa? Mutum goma sha a gida ɗaya, randa ɗaya, moɗa ɗaya, shadda ɗaya. Jikoki biyu ko uku a ɗakin kaka suke kwana. Hannunta ba ya jan guga, ba ya tuƙa tuwo, wani lokaci ko ɗaurin zani sai an taimaka mata. Wanda za a ce kada kowa ya kusance ta, shi ne wanda ba ya rayuwa sai da hannun wani. Kuma gaɓɓan da aka bari ba motsi sandarewa suke ƙara yi. Ga bakin mutane: a ƙauye idan aka rufe mace a ɗaki aka hana shiga, ba za a ce ana kare ta ba ne, za a ce ita ke da cutar, ko kuma 'ya'yanta sun guje ta. Wanda bai zauna ƙauye ba zai ce ai wannan ƙaramin abu ne. Ba ƙarami ba ne ga matar da duk arzikinta shi ne a shigo a ce Inna ina kwana.

Kuma Allah ya ba mu abin da Turawan ba su da shi a watan Maris: rayuwarmu a waje take. Irin waɗannan cututtuka na numfashi sun fi yaɗuwa a rufaffen wuri da iska ba ta zagawa. Tabarma a tsakar gida, ƙarƙashin darbejiya, ko bakin gona, ba nan haɗarin ya fi yawa ba. Haɗarin yana cikin motar hayar da aka cusa mutum goma aka rufe gilashi saboda hunturu, ranar Lahadi za a kasuwar Gujungu. Yana ɗakin mai jego ranar suna, mata ashirin a kan gado da ƙasa, tagar kuma an toshe ta da tsumma. Yana zaman makoki na cikin ɗaki, da layin katin asibiti. Waɗannan ne zan ce mai shan irin wannan magani ya haƙura da su idan annoba na kan ganiyarta, inda kuma ya zama dole ya sa takunkumi ya nemi bakin taga. Amma a hana shi shan iska a gidansa, ban ga dalili ba.

Abin da ya fi kawo cuta har kan shimfiɗar mara lafiya a wurinmu shi ne dubiya. Al'ada ce mai kyau, kuma addini ne, ba ni da ja. Sai dai ka ga mutum yana tari yana fyace majina, ya shigo ya miƙa hannu, ya zauna bakin gado, a kawo masa ruwa a moɗar mai jinya, don kada a ce bai zo ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a kai marar lafiya cikin masu lafiya, hadisin yana nan ingantacce, malamanmu sun san shi. To me ya sa mai mura ne ke yawo, mai rauni ne za a rufe? Ai mai murar ne ya kamata ya tsaya daga zaure ya ɗaga murya: "Goggo, ya jikin? Mura nake fama da ita, shi ya sa ba zan shigo ba." Ita kuma ta ce Allah ya yi albarka. An gaisa, zumunci bai yanke ba. Yaron da ya tashi da zazzaɓi da tari a mayar da shi ɗakin uwarsa har ya warke. Ɗan da ya dawo daga ci-rani a Legas ko Abuja ya yi 'yan kwanaki yana gaishe ta daga nesa. Wannan aikin mai gida ne, don idan ita ta faɗa da bakinta za a ce ta fiye tsirfa.

Akwai lokacin da zan ce a ja baya sosai. A watan Afrilu da Mayu na 2020, gabanin azumi da cikinsa, masu haƙar kabari a Kano ba su huta ba. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutuwar mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona. Yawancinsu dattawa ne masu wasu cututtuka a jiki. Idan irin wannan guguwa ta taso, mutumin da ya manyanta, yana shan firednisolon mai yawa, ga sikari ko hawan jini ko ciwon huhu, to ya yi sallarsa a gida, ya aika yaro kasuwa, na 'yan satuttuka. Da sharaɗin a san ranar da za a sake duba maganar, kada ta zama zaman har abada. Rigakafin korona da ya iso Najeriya a watan Maris na 2021 ba mai rayayyar ƙwayar cuta ba ne, masu shan waɗannan magunguna na iya karɓa. Na shawara da na ƙyanda ne masu rayayyar ƙwaya, su sai an tambayi likita. Kada kuma korona ta ɗauke mana hankali daga tarin fuka, wanda kullum yana nan yana jiran wanda garkuwarsa ta yi ƙasa, ko mashaƙon da ya addabi Kano a 2023.

Gwamnati ma tana da nata. Da aka kulle Kano a watan Afrilun 2020 aka tsare kan iyakokin jihohi, ba a yi tunanin ɗan Jigawar da asibitinsa da maganinsa ke cikin birnin Kano ba. Likitocin gaɓɓai kaɗan ne a Arewa, kuma metotireksat ba a kowane kemis ake samunsa ba, ga shi yana buƙatar gwajin jini lokaci zuwa lokaci don a duba hanta. Haidiroksikulorokwin kuwa ya yi wuya ya yi tsada a duniya bayan Donald Trump ya kambama shi, daga baya gwaji ya nuna ba ya maganin korona, amma masu buƙatarsa da gaske sun riga sun sha wahala. Idan za a sake kulle hanya, a bar katin asibiti ya zama takardar wucewa a shingen jami'an tsaro, a ba irin waɗannan marasa lafiya maganin wata biyu ko uku a hannu, a kuma ba su lambar wayar da za a ɗauka. Don ranar da zazzaɓi ya rufe mai shan metotireksat, yawanci dakatar da shi ake yi har ya warke, firednisolon kuwa ba a tsayar da shi, kuma kada mai kemis ya haɗa masa da Septrin, su biyun idan suka gamu suna karya jini. Duk wannan magana ce ta minti biyu a waya, amma sai idan akwai wanda za a kira.