Kada ku yi tafi ranar da aka taka doka don a kama wanda ba ku so

'Yan'uwana matasa, akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu, kuma ina jin tsoron ranar da za ta ci mu. Da zarar an ce an kama wani ɗan siyasa ko ɗan jarida da ba ma ga-maciji da shi, sai mu hau murna. Ba mai tambayar me ake tuhumarsa da shi, ko an kai shi gaban alƙali, ko an bar shi ya ga lauyansa. Abin da za ka ji kawai shi ne "maganinsa ke nan", "ai gwamnati ba sa'arsa ba ce".

Na san wani matashi mai irin wannan baki. Ranar da aka tsare wani mai sukar gwaninsa, har kirana ya yi yana dariya, wai bakin mutumin ya mutu. Ba a yi shekara biyu ba mulki ya koma hannun wasu, aka ɗauke yayansa saboda wani rubutu da ya yi. Na raka shi kotu. Alƙali ya ba da beli, aka cika sharuɗɗa, aka buga hatimi. Muka ɗauki takardar zuwa inda ake tsare da shi, mahaifiyarsu na biye da mu, ta riƙe gefen mayafinta tana ta salati. Jami'in da ke kan tebur ya karanta takardar har ƙarshe, ya ninke ta, ya miƙo mana, ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, muna jiran umarni daga sama." Yaron nan ya tsaya yana kallon hatimin kotu a hannunsa, ya rasa abin cewa.

Ku fahimci abin da ya faru a gaban teburin nan, domin shi ne gaba ɗayan maganar. Doka rubutu ce a takarda. Ba ta da bindiga, ba ta riƙe da mabuɗin kurkuku. Alƙali alƙalami gare shi kawai, ɗan sanda da soja da gandiroba kuwa daga hannun mai mulki suke karɓar umarni da albashi. To me zai sa mai ƙarfi ya bi hukuncin da bai yi masa daɗi ba? Abin da ke tilasta shi shi ne sanin cewa in ya ƙi, jama'a ba za su yarda ba, har da magoya bayansa. Duk ranar da muka yi masa tafi don ya taka doka a kan abokin hamayya, mun nuna masa cewa babu abin da zai biyo baya. Ya koyi darasin, wanda zai gaje shi ma ya koya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma da hannunmu muke tsaga shi.

Kada kuma wani ya ɗauka duk abin da aka kira doka adalci ne. 'Yan siyasa ne ke rubuta ta, kuma mai rinjaye yakan rubuta abin da zai kare kujerarsa. A ranar 23 ga Maris 1933 majalisar dokokin Jamus ta kaɗa ƙuri'a, 444 suka amince, 94 suka ƙi, aka ba gwamnatin Hitler ikon yin doka ba tare da majalisa ba. Wariyar launin fata a Afirka ta Kudu ma da dokoki aka gina ta, irin ta 1950 da ta rarraba mutane bisa launin jikinsu, kuma kotu ce ta ɗaure Mandela. A Najeriya, Dokar Soja ta 2 ta 1984 ta halatta tsare mutum ba tare da shari'a ba, kuma gwamnatocin sojan da suka biyo baya sun same ta a ajiye, suka ci gaba da amfani da ita. Wannan shi ya fi damuna: sandar da aka sassaƙa don wani ba ta ruɓewa in mai ita ya sauka, tana nan jingine tana jiran sabon hannu.

Labarin Tandja Mamadou, tsohon shugaban Nijar, ya ishe mu misali. Mutum ne da talakawan Nijar da yawa suka ƙaunata, kuma wannan ƙauna ce aka fake da ita aka ƙirƙiro tazarce. Kotun tsarin mulki ta ce ba ya halatta. Ya rusa majalisa, ya rusa kotun kanta, aka yi zaɓen raba-gardama ranar 4 ga Agusta 2009. Matasa nawa ne suka fito suna rera waƙar tazarce da zuciya ɗaya? Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji suka shiga fada suka kama shi. A ranar babu majalisa mai ƙima da za ta tsaya masa, babu kotu mai 'yanci da zai kai ƙara, domin shi ya kawar da na asali. Ku gwada wannan da abin da ya faru a Abuja ranar 16 ga Mayu 2006, lokacin da majalisar dattawa ta yi watsi da gyaran tsarin mulkin da zai buɗe wa Obasanjo hanyar wa'adi na uku. Jam'iyyarsa ce ke da rinjaye a zauren, da 'yan cikin gida aka ce a'a. Haka a Kenya, ranar 1 ga Satumba 2017 kotun ƙoli ta soke zaɓen shugaba mai ci, Uhuru Kenyatta. Ya fusata, ya caccaki alƙalan a bainar jama'a, amma dai aka koma rumfunan zaɓe.

Mu da muka tashi da karatun addini ba mu da uzuri a nan. Lokacin da wata mata daga Banu Makhzum, gidan daraja a Ƙuraishawa, ta yi sata, aka tura Usama ɗan Zaidu ya nema mata sassauci. Manzon Allah (SAW) ya nuna ɓacin ransa, ya bayyana cewa abin da ya halaka mutanen da suka gabata shi ne in babba ya yi sata su ƙyale shi, in mai rauni ya yi su tsayar masa da haddi, ya kuma rantse cewa ko 'yarsa Fatima ce ba zai ɗaga mata ƙafa ba. Muna jin wannan hadisi a wa'azi mu yi ta gyaɗa kai, washegari mu zo muna kare gwaninmu da "ai na can ma sun yi".

Don Allah, ƙannena, ku yi siyasa, ku so wanda kuke so, ku yi masa yaƙin neman zaɓe da ƙarfinku. Amma in an kama wanda kuka fi tsana, ku fara tambayar laifinsa da ranar da za a gurfanar da shi. Tsarin mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 35, ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a kusa, in babu, cikin kwana biyu ko wani lokacin da kotu ta ga ya dace. Bai ware ɗan wata jam'iyya ba. In kotu ta ba da umarni gwaninku ya yi kunnen uwar shegu, ku faɗa masa da bakinku, don maganarku ta fi ta 'yan adawa nauyi a kunnensa. Ku riƙa bin diddigin ƙudurorin da ke gaban majalisa tun kafin a sa musu hannu, kuna tambayar kanku: in wannan iko ya faɗa hannun wanda nake tsoro, zan iya barci?

Yayan yaron nan ya fito daga baya, bayan watanni. Da na je yi musu barka, na tarar takardar belin tana nan a aljihun ƙanen, ta yi laushi saboda ninki. Ya ce mini tun ranar da jami'in nan ya mayar masa da ita, mutumin da ya taɓa yi wa dariya yake ta faɗo masa a rai, yana tunanin ko shi ma tasa uwar ta tsaya a gaban irin wannan tebur.