Kaska a cikin kwalba

Ranar Talata na ɗauki kwalba mai ɗauke da kaskar da na cire da hannuna daga jikin shanuna, na taso daga ƙauyenmu na wajen Dukku zuwa wani ofishin kula da lafiyar dabbobi, domin saniya ta biyu ke nan a daminar bana da ta fara fitsarin jini, ta daina kiwo, ta kwanta ba ta tashi ba. Na yi feshin amitraz, na yi allurar ivermectin, amma kaskar tana nan manne a wuya da hantsa.

Na tarar da jami'in yana danna waya. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago kai ba. Na ajiye kwalbar na ce, "Ranka ya daɗe, so nake a duba mini ko wace irin kaska ce wannan, domin magani ya daina kashe ta." Ya sa gindin biro ya tura ta har bakin tebur, ya ce, "Baba, ɗauke mini wannan ƙazantar. Kaska ai kaska ce." Na ce, "Yallaɓai, ba duka suka zama ɗaya ba." Sai a lokacin ya dube ni, ya ce, "To tunda ka fi mu sani, me ya kawo ka? Ka ga madubin likita a nan? Je ka ƙara ƙarfin maganin." Ya juya wajen abokinsa suka yi dariya, ni kuwa da furfurata ina tsaye.

Maganarsa kuskure ce mai kashe dukiya. Kaska iri-iri ce. Wadda ake kira Amblyomma, mai zane a baya, ita ke buɗe wa kirci, cutar fatar shanu, hanya, tana kuma ɗauke da cutar da ke tara ruwa a kewayen zuciyar tumaki da awaki. Wadda ake kira Hyalomma kuwa na iya sa wa mutum zazzaɓin Kirimiya-Kwango mai zubar da jini, kuma makiyayi da mahauci su ne a bakin haɗarin. Akwai kuma baƙuwa 'yar asalin Asiya, microplus, wadda aka gano a ƙasar Kodebuwa a 2007, ta bazu har masu bincike suka tabbatar da ita a Najeriya, ga taurin kai ga magani, ga yaɗa fitsarin jini mafi tsanani. Abin da na je tambaya ke nan, ko ita ce ta iso mana. Ƙara ƙarfin magani kuwa guba ce ga saniya, ga nonon da ake damawa, ga yaron da ke feshi hannu tsirara.

Gwamnati ce ta bar mu a wannan hali. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana nan tun 1924, amma abin da masana suka gano yana ƙarewa a mujallun Turanci, ba ya isowa ruga ko da ta rediyo. An kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya a 2024, amma shanu na ƙetare iyaka da kaskarsu babu mai dubawa, kuma ramin wankan dabbobin da na tashi na gani ya zama juji. Ranar kasuwa dai mai karɓar haraji ba ya makara, kowane kai sai an biya masa.

Kwalbar tana kan tagata har yanzu, kuma da asubar yau na ga karsanata ta ƙi taɓa dusa.