Wai don me zangon farko yake fin daɗi?

Jiya da daddare a fadarmu ta Birni shayi ya kusa ƙonewa saboda gardama. Wani abokinmu ya rantse cewa tun da wasan barkwancin nan na tele, Gidan Badamasi, ya wuce zangunan farko bai ƙara yin dariyar da ta kai shi ƙasa ba. Mai dafa shayin ya ce ƙarya ne, shi dai tsufa ya kama shi. Ni ban ce uffan ba a wurin, don in ka sa baki a irin wannan sai a hana ka kofi na biyu. Yanzu da na dawo gida bari in faɗi nawa.

Abokina yana da gaskiya, amma bai gano inda ciwon yake ba. Shi yana ganin marubuta ne suka gaji. Ni kuwa ina ganin har da hannunmu, mu masu kallo.

Ku duba yadda wasan barkwanci yake farawa. A zangon farko kowane ɗan wasa mutum ne cikakke. Marowacin yana da rowa, amma wata rana za ka ga ya ji tausayi, ko ya ji kunyar surukinsa ya fiddo jika guda yana gumi. Can ne dariyar take, domin mun san irinsa a unguwa, wataƙila ma kawunmu ne. To sai ya faɗi wata kalma guda ta yi mana daɗi. Mu ɗauke ta mu kai kasuwar Dole, ƴan kabu-kabu su rubuta a bayan moto, a yanka wurin a watsa a WhatsApp da TikTok. Masu shirin suna gani. Zango na gaba sai su ba mu kalmar nan sau uku a kowane kashi. Kafin zango na huɗu mutumin ya ɓace, saura kalmar da hular. Gishiri ne muka yaba, aka juye mana buhu a miya.

Wannan cuta ba a ƙasar Hausa ta tsaya ba. The Simpsons na Amurka ya fara a 1989, ya haura zango 30, kuma masoyansa da yawa har yau cewa suke shekarun 1990 ne zinariyarsa. Akwai wani maƙwabci a ciki, Flanders, da ya fara a matsayin mutumin kirki mai zuwa coci, a hankali aka mai da shi ba ya buɗe baki sai da wa'azi. Abin ya yi yawa har masu sharhi suka laƙaba wa irin wannan lalacewa sunansa. Ku kwatanta da Mr Bean. Yaro a Zinder da bai san ko kalma ɗaya ta Turanci ba ya san shi, alhali wasan nasa na asali kashi 15 ne kacal, daga 1990 zuwa 1995. Bai zauna ya jira mu gaji da shi ba.

Akwai kuma maganar ciki, wadda ba na raina ta. Tasha tana da lokacin da za ta cika kowane mako, masu talla sun biya, ƴan wasa suna da iyali. Labarin gado da ya kamata a raba shi a kashi 20 sai a ja shi kamar danƙo. Wanda ya yi suna ya nemi ƙarin kuɗi ko ya tafi buɗe tasharsa a YouTube, sai a ce mana ya yi tafiya, a kawo wani ƙane da ba a taɓa ambata ba. Da na ga an fara shigo da sababbin dangi daga ƙauye, ko an aurar da mutum biyun da faɗansu ne ke riƙe da shirin, na san rijiyar ta kusa ƙafewa.

Sai dai mai shayi ma bai yi ƙarya duka ba. Ina tuna lokacin Ma Famille, wasan nan na Abijan da Akissi Delta ta fara a 2002. Tele guda ce a layinmu. Ana fiddo ta tsakar gida bayan isha'i, mu yara a tabarma, iyaye mata a baya, wani ɗan lekol yana fassara abin da Gohou da Bohiri suke cewa, rabi ma ƙirƙira yake. In kuran ya ɗauke a tsakiya sai ka ji salati har layi na gaba. Kwanan baya na nemo wani kashi a waya, ni kaɗai a ɗaki. Na yi murmushi, amma cikina bai ƙulle ba. Ashe rabin dariyar ta mutanen tabarmar ce. Haka manyanmu suke yi mana in sun tuna su Yazi Dogo ko Samanja, su ce an daina wasa tun daga nan.

Duk da haka ba na yarda a rufe bakin mai suka da cewa "tsufa ne". Na gwada: na kalli kashin farko da na baya-bayan nan na wani shiri, rana guda, waya guda, kujera guda. Na farkon yana da labari mai kai da ƙafa. Na bayan ihu ne, da faɗuwa ƙasa, da tallar sabulu a tsakiyar zance.

Mai shayi, na san kana karantawa. Gobe zan zo da kashi biyun a waya, ka kalla a gaban jama'a. In ka yi dariya a na biyun, sukarin sati ɗaya a wuyana.